Kada a Goge Bututun da Aka Rushe: Darasi Daga Tungar Guru

A kusan kowane tsohon gida na ƙasar Hausa akwai wani dattijo ko wata dattijuwa da ta san abin da ke ƙarƙashin ƙasar gidan. Dattijon ne zai tare ka ya ce, "Kada ka gina rijiya a nan, ɗana, tsohon masai ne da aka cike tun zamanin kakanka." Dattijuwar ce za ta nuna maka gindin katanga ta ce ta nan kwata take bi kafin a sake mata hanya. Babu takarda, babu taswira, ilmin duka yana cikin kan mutum ɗaya. Ran da Allah ya yi masa cikawa ilmin ya bi shi kushewa, masai kuwa yana nan daram inda yake, yana jiran jikan da zai zo da diga da shebur.

Wannan tsohuwar matsala ce ta sake ɓullowa da sabuwar riga, wato a cikin manhajojin na'ura mai ƙwaƙwalwa waɗanda injiniyoyi da masu zanen gine-gine suke aiki da su a yau. Tambayar ita ce: idan za a yi wa gini kwaskwarima, aka yanke shawarar cire wani bututun ruwa ko bututun iska, yaya za a yi da siffarsa da ke cikin kwamfuta? A danna maɓalli a goge shi, ko kuwa a bar shi a yi masa alama? Mai karatu zai iya ganin tambaya ce ƙarama wadda ba ta wuce teburin mai zane ba. A nawa ra'ayin, amsarta tana cikin muhimman ɗabi'un da ya wajaba a koya wa duk wanda zai zana gini, kuma zan kafa hujja da abin da ya auku a Amurka, da kuma abin da ya auku a nan gida, a Tungar Guru ta ƙaramar hukumar Bukkuyum a Jihar Zamfara.

Bari mu fara da sanin yadda manhajojin suke aiki. A da, mai zane yakan tsaya gaban faffaɗan allo da fensir da rula da alƙalamin tawada, yana zane a kan takarda mai shara-shara. In aka sake shawara sai ya kankare layin da reza ya ja wani. A watan Disamba na 1982 kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD, wadda ta mayar da allon zane cikin kwamfuta. Sai dai abin da ta sani a wancan lokaci layi ne kawai. Ba ta tantance ko wannan layi bango ne ko bututu. Babban sauyi ya zo ne da manhajoji irin su ArchiCAD, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Hungari, da Revit, wadda ta fito a 2000 kuma Autodesk ya saye ta a 2002. A cikin waɗannan, mai zane yana harhaɗa ginin ne gaba ɗaya a cikin na'ura, bango da ƙofa da rufi, kuma kowane bututu yana ɗauke da bayanan kansa: faɗinsa, da abin da aka yi shi da shi, ko ruwan sha yake ɗauka ko na ƙazanta, daga ina ya taso, ina ya dosa, da yawan ruwan da ke bi ta cikinsa. Haka nan bututun iska, wato waɗannan manyan hanyoyi na farantin ƙarfe masu kusurwa huɗu da ke bi ta cikin silin ɗin asibitoci da bankuna da otal-otal suna rarraba sanyayyar iska ɗaki-ɗaki.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Revit shi ne ta shigar da lokaci cikin zane. Tana raba rayuwar gini zango-zango, kuma kowane abu da ke cikin ginin tana yi masa tambaya biyu: a wane zango aka samar da kai, a wane zango aka rushe ka? Daga amsar waɗannan tambayoyi take kasa kayan gini gida huɗu. Akwai wanda aka tarar, akwai sabo, akwai wanda za a rushe, sannan akwai na wucin gadi, wato wanda aka kafa kuma aka cire a zango ɗaya, kamar bututun da ake ja wa magina su sami ruwan kwaɓa siminti. Wanda za a rushe takan nuna shi da layi yanke-yanke, don ido ya bambanta shi da mai rai. Wannan ba sabon tunani ba ne. A Jamus da wasu maƙwabtanta an daɗe da al'adar zana abin da aka tarar da baƙi ko ruwan toka, sabo da ja, abin rushewa kuma da rawaya, tun kafin a san kwamfuta.

To, in har manhaja ta tanadi wannan hanya, me ya sa masu zane da yawa suke gwammace su goge? Dalilin bai wuce wahala ba, kuma wahalar ta gaske ce. Rushe bango a cikin manhaja abu ne mai sauƙi, domin bango yana tsaye ne shi kaɗai. Bututu kuwa ɗan dangi ne: yana haɗe da gwiwa da mahaɗa da bawul da famfo, kuma manhajar tana lissafin ruwan da ke gudana daga tanki har zuwa bakin famfo na ƙarshe. In rabin bututu za a cire, tilas sai an fara raba shi biyu daidai inda za a yanke, a yi wa rabi alamar rushewa, a toshe bakin rabin da ya rage, sannan a haɗa sabon. Daɗin daɗawa, shekaru da dama masu amfani da Revit sun yi ta kukan cewa da zarar an yi wa bututu alamar rushewa sai ya fita daga danginsa ya manta sunan layin da yake ciki, ta yadda mai duba zane ba zai gane na ruwan sha ne ko na bayan gida ba. An gyara wannan a wata fitowar manhajar daga baya, amma ɗabi'ar da matsalar ta haifar ba ta gushe ba. Mai zane da aiki ya yi wa yawa, ga maigida yana jiran takardu, sai ya goge tsohon bututun ya zana sabo, zane ya fito fes.

Wannan tsabta ta zane ita ce nake ƙi, domin tsabta ce ta yaudara. Abin da aka goge a fuskar kwamfuta ba a goge shi a cikin ƙasa ba.

Ga misali. A ranar 13 ga Satumba, 2018, ma'aikata suna aikin musanya tsofaffin bututan iskar gas na ƙarfe da sababbi na roba a garin Lawrence na jihar Masacuset a Amurka. Gas yakan iso gari da matsi mai ƙarfi ƙwarai, sai wata na'ura ta rage masa ƙarfi zuwa daidai abin da murhun gida zai ɗauka. Wannan na'ura tana da wani siririn bututu da ke yi mata aikin kunne: yana manne da babban bututun titi, yana gaya mata ko matsi ya yi ƙasa ta ƙara buɗewa, ko ya yi sama ta rage. To, kunnen nan yana manne ne da tsohon bututun da za a yi watsi da shi, kuma takardun aikin da aka ba ma'aikata ba su nuna haka ba. Da aka datse tsohon bututun, gas ɗin cikinsa ya yi ƙasa, na'urar ta ɗauka gari ne ya rasa gas, sai ta buɗe baki gaba ɗaya. Gas mai tsananin matsi ya kwarara cikin gidajen garuruwa uku. Gine-gine 131 suka lalace da gobara da fashewa, wani saurayi ɗan shekara 18 ya rasu. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta ɗora laifin a kan raunin tsara aikin injiniya, kuma a 2020 kamfanin Columbia Gas ya amsa laifinsa, aka ci shi tarar dala miliyan 53. Ku lura, ɗalibai: sabon bututun lafiyarsa ƙalau. Abin da ya hallaka mutum shi ne rashin sanin abin da ke rataye da tsohon.

Wannan ya kai ni ga wani gyara da nake ganin manhajojin da kansu suna bukata. Kalmar "rushewa" a wurinsu ma'ana ɗaya gare ta, wato abin ya gushe, kuma daga zangon da aka rushe shi ba ya sake bayyana a zane. A wurin aiki kuwa bututun da aka daina amfani da shi makoma uku gare shi. Wani akan tone shi a fitar da shi ɗungurungum. Wani akan yanke shi ta kowane gefe a toshe a bar shi cikin ƙasa ko cikin bango, domin tono zai ci kuɗi. Wani kuma, wanda ya fi kowanne haɗari, akan toshe bakinsa na gaba kawai, gindinsa yana nan haɗe da layi mai rai. Na taɓa ganin irin na ukun da idona a wata makarantar kwana. Leburori suna haƙa harsashin sabon aji suka ci karo da wani bututu mai tsatsa, kowa ya ce ai matacce ne, na tsohon ɗakin girki da aka rushe. Diga ɗaya aka sara, ruwa ya yi tsiri, tankin makaranta ya tsiyaye, ɗalibai suka yi kwanaki suna zuwa rafi da bokiti. Wannan asara ce mai sauƙi idan aka kwatanta da abin da irin wannan reshe yakan jawo a ɓoye.

Ruwan da ke cikin mataccen reshe ba ya gudana. Sinadarin kulorin da aka zuba don kashe ƙwayoyin cuta yakan ƙare a cikinsa, yauƙi ya lulluɓe bangon bututun, ƙwayoyin bakteriya su sami gidan zama, kuma duk sa'ad da matsin ruwa ya sauka, wani ɓangare na wannan ruwa yakan koma cikin layin da mutane suke sha. Daga cikin ƙwayoyin akwai wadda ake kira Lijiyonela, mai haddasa mummunan ciwon huhu idan aka shaƙi feshin ruwan da take ciki, kamar a wurin wanka da shawa. An gano ta ne bayan ɓarkewar da aka yi a wani otal na birnin Filadelfiya a 1976, inda mutum 221 suka kamu, 34 suka mutu. Tana hayayyafa ne a ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin Selshiyos. Duk wanda ya taɓa buɗe famfo a Gusau ko Sakkwato a watan Afrilu ya san ruwanmu a wannan zango yake yini ya kwana. Saboda haka ne ƙa'idojin kula da ruwan asibitoci suke umartar a cire irin waɗannan rassa tun daga tushe. To, ta yaya za a cire reshen da ba ya cikin zane?

Har ila yau akwai tambaya ta huɗu wadda manhaja ba ta tilasta wa mai zane ya amsa: abin da aka cire ɗin, ina aka kai shi? Tsohon bututu ba ya narkewa a iska. Yakan tafi hannun 'yan gwangwan, daga nan ya koma wani gida a matsayin na hannu, kuma ba lallai ne mai saye ya san abin da ya taɓa bi ta cikinsa ba. Wasu tsofaffin bututai na siminti ne haɗe da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar daji a huhu idan aka farfasa shi. Wasu na dalma ne, ko kuwa da dalma aka liƙe mahaɗarsu. A kan wannan tambaya ta huɗu ce Tungar Guru take da abin koya mana fiye da kowace jami'a.

Na san mai karatu zai ce, ina Tungar Guru ina bututun iska? Gaskiya ne, ƙauye ne na gidajen ƙasa, kuma abin da aka cire a can ba bututu ba ne. Amma aikin da aka yi a can shi ne aikin cirewa da musanyawa mafi nauyi da yankin ya taɓa gani. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau, suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da jijjiga da suma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutane suka duƙufa haƙa, suka riƙa kawo duwatsun cikin gida ana dakawa a turmi ana niƙawa da injin niƙan hatsi. Duwatsun suna ƙunshe da dalma mai yawan gaske, ƙurarta ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. An ƙiyasta yara kimanin 400 ne suka rasu. A wasu wurare an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasar, wato fiye da kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, alhali iyakar da Amurka take amfani da ita a lokacin ga wurin wasan yara kashi 400 ce cikin miliyan.

Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, amma likitoci suka ce ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa cutar. Tilas sai an fara tsabtace gidajen. Aka fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011 aka yi Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza, Bagega kuwa sai a 2013. Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara ce ta yi aikin tare da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith na Amurka, mutanen ƙauyukan kuma su ne ƙarfin aikin, da fartanya da shebur da buhuna.

Yadda aka tsara aikin shi ne abin lura a nan. Ba a fara da tono ba. An fara ne da zana taswirar gida, a bi shi da wata na'ura ta hannu mai haska ƙasa da hasken ekisire ta faɗi yawan dalmar da ke ciki nan take, a rubuta sakamakon a kan taswirar. Wannan shi ne zangon "abin da aka tarar". Sannan inda gubar ta yi yawa a kankare saman ƙasar, kimanin santimita 5, a zuba a buhu a fitar, a sake aunawa. Wannan shi ne zangon rushewa. Sai a kawo ƙasa mai tsabta, wadda ita ma an auna ta, a shimfiɗa. Wannan shi ne sabon gini. Da a ce bayan an gama an yayyaga taswirar farko saboda "ai an riga an cire", da babu yadda za a yi a gane, in jinin wani yaro ya sake hawa, ko tsohuwar guba ce aka tsallake ko sabuwa ce aka shigo da ita. Kuma hakan ya faru: an sami gidajen da suka sake gurɓata bayan da wasu suka koma sarrafa duwatsu a cikin gari, kuma awon farko ne ya ba da damar kwatantawa.

A ƙauyukan nan takwas an kwashe fiye da mita 27,000 mai murabba'i uku na gurɓatacciyar ƙasa da dusar ma'adinai daga gidaje 820 da wuraren sarrafa duwatsu. In tifa tana ɗaukar mita 10, wannan sawu 2,700 ke nan. Gurɓatacciyar ƙasar an binne ta ne a ramukan da aka tanada a bayan gari. Ɗalibin kimiyya ya sani dalma asalin sinadari ce, ba ta ruɓewa kamar ganye, ba ta tashi daga aiki kamar maganin da ya daɗe. Dalmar da aka binne a 2011 tana nan da ƙarfinta, kuma haka za ta kasance bayan shekara ɗari biyar. Ke nan a taswirar gida an "cire" ta, amma a taswirar gari sabon abu ne aka kafa, wanda ya fi kowane gida na ƙauyen tsawon rai. Al'adarmu kuwa sananniya ce: mai son ƙasar gini bayan gari yake zuwa ya tona, a yi tubali, ramin ya zama kududdufi, dabbobi su sha, yara su yi wanka. Waɗanda suka ga binnewar da idonsu su ne dattijan da na buɗe magana da su. Rashin tsaron da ya addabi yammacin Zamfara a shekarun baya-bayan nan ya tarwatsa mutanen ƙauyuka da dama, kuma ilmin da ke cikin kai yakan bi mai shi gudun hijira. Rahotannin aikin suna nan, da Turanci aka rubuta su. Abin da nake kira a yi shi ne taswirar kowane rami ta kasance da Hausa, da boko da ajami, a hannun dagaci da hakimi da ofishin filaye na ƙaramar hukuma da makarantar gari, kuma a kafa alama ta siminti a kan wurin.

Yanzu bari in saurari masu ja da ni, domin suna da magana. Na farko zai ce ajiye kowane mataccen bututu yana cika zane da tarkace, har mai gyaran famfo ya rikice ya haɗa sabo da matacce. Wannan haɗari ne na gaske a zamanin takarda ɗaya. A manhaja kuwa samfurin gini ɗaya ne, amma ana iya fitar da takardu iri-iri daga gare shi: wadda ke nuna abin da aka tarar, wadda ke nuna abin cirewa kaɗai, da wadda ke nuna yadda ginin zai kasance. Mai rushewa a ba shi tasa, mai haɗawa a ba shi tasa. Ɓoye abu daga takarda daban ne da goge shi daga ajiya. Bugu da ƙari, bututun da aka yi wa alamar rushewa manhaja tana iya ƙidaya tsawonsa, a san kuɗin cire shi da yawan abin da za a kwashe, wanda ke hana ɗan kwangila da maigida jayayya daga baya.

Na biyu zai ce wa zai biya? Wannan ita ce ja mafi ƙarfi. Mai gini yana biyan zanen abin da zai samu ne, ba ya son biyan zanen abin da zai rabu da shi, kuma yawancin tsofaffin gine-ginenmu ba su da zane ko kaɗan, sai an bi su da tef ana aunawa. Amsata ita ce, aƙalla a gine-ginen jama'a, wato asibitoci da makarantu da layukan hukumar ruwa, kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai ya miƙa zanen yadda aiki ya ƙare a zahiri, tare da makomar kowane bututu da aka daina amfani da shi. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na tono ɗaya na laluɓe ba. Birnin Flint na Amurka ya ɗanɗana wannan. Bayan da aka sauya masa tushen ruwa a 2014, ruwan ya riƙa cin tsofaffin bututan dalma yana kai gubar cikin gidaje. Da aka tashi cire su, sai aka tarar bayanan wane gida ne ke da wane irin bututu suna kan katunan hannu kimanin 45,000, wasu sun dushe, wasu ba a sabunta su ba. Aka yi ta tona ƙofar gidaje ana tarar da jan ƙarfe inda ake neman dalma.

Misalin Flint yana ɗauke da gargaɗi ga masu ɗokin kwamfuta ma. Bayani yana iya kasancewa a ajiye amma ba ya karantuwa. Fayil ɗin da aka adana da wata manhaja mai tsada, wadda sai an biya kuɗin shekara-shekara kafin a buɗe ta, yana iya zama kamar katunan Flint nan da shekara ashirin. Saboda haka a riƙa fitar da kwafi a buɗaɗɗen tsarin da ake kira IFC, wanda manhajoji daban-daban suke iya karantawa, sannan a buga a kan takarda a ajiye a cikin ginin kansa. Gara tana cin takarda, wuta tana ɗaukewa, na'ura tana lalacewa, amma da wuya su haɗu su ci kwafi uku a rana ɗaya.

Na uku zai ce makarantunmu ba su da kwamfuta balle Revit. Wannan bai hana komai ba, domin ɗabi'ar ta girmi na'urar. Malamin zanen fasaha ko na kimiyya yana iya raba ajinsa rukuni-rukuni, ya ba su tef da takarda mai layukan murabba'i, su zana harabar makaranta. Su bi ruwa daga rijiyar burtsatse ko tanki zuwa kowane famfo, su bi na ƙazanta daga bayan gida zuwa sokawe. Abin da ke aiki a zana shi da baƙi, wanda ake shirin yi da ja, wanda aka cire da rawaya. Ni zan ƙara launi na huɗu, shuɗi, ga abin da aka daina amfani da shi amma yana nan a binne: bututun da aka toshe, masan da aka cike, rijiyar da aka rufe, ramin da ake ƙona shara da batura a da. Yawancin wannan bayani ba a ofishin shugaban makaranta za a same shi ba. A nemi maigadi ko lebura mafi daɗewa, a gaishe shi da ladabi, a ce, "Baba, don Allah a nuna mana," a bi shi a baya da fensir. A gefen kowane layi shuɗi ko rawaya a rubuta abu huɗu: me yake ɗauka a da, wace shekara aka kashe shi, an yanke shi daga tushe ko bakinsa kawai aka toshe, in kuma an fitar da shi ina aka kai shi. A ƙasan takardar a sa kwanan wata da sunan ajin da ya yi aikin, a bar fili ga ajin baɗi su ƙara nasu zangon ba tare da sun goge na bana ba.